Wasiƙa zuwa ga Abba kan maganar Snowden

Abba,

Bayan gaisuwa, ya aiki ya ƙoƙari. Ƙanwarka ce ta nuna min abin da ka rubuta, wai Edward Snowden, Ba'amurken nan da ya fallasa sirrin leƙen asirin gwamnatin ƙasarsa, shine gwarzonka kuma da kai ne a wurinsa haka za ka yi. To wannan ta ƙarshen ce ta hana ni yin shiru, tunda kai ma aikin kwamfuta kake yi, bayanan mutane ta hannunka suke wucewa kullum.

Ban ce ƙarya ya faɗa ba fa. Abin da jaridun Guardian da Washington Post suka buga a Yunin 2013 gaskiya ne, a lokacin NSA, hukumar leƙen asirin Amurka, na kwashe bayanan kiran wayar miliyoyin Amurkawa, wa ya kira wa, yaushe, minti nawa, mutanen da ba a zarge su da komai ba. Majalisarsu ta gyara dokar a 2015, a 2020 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce shirin ya saɓa doka. Wannan kam a ba shi kayansa.

Amma akwai abin da ya tsaya min a wuya. Shi da bakinsa ya gaya wa jaridar South China Morning Post cewa ya karɓi aiki a kamfanin Booz Allen mai yi wa NSA kwangila ne don ya kai hannu ga bayanan, ko wata uku bai cika a can ba ya kwashi abin da zai kwasa ya bar Hawaii sai Hong Kong, kuma a can ɗin ya ba jaridar labarin yadda Amurka ke kutse a kwamfutocin China. To ina ruwan wannan da sirrin wayar talakan Amurka? Leƙen asirin wata ƙasa ai aikin da aka kafa hukumar don shi kenan, kowace ƙasa na yi. Ni nan ne na fara tambayar ko kishin jama'a ne zalla, ko neman shiga ne wurin masu masauki.

Na san amsar da za ka ba ni kan Rasha, wai ba can ya nufa ba, Ecuador za shi, Amurka ce ta soke fasfonsa ya maƙale a filin jirgin Sheremetyevo na Mosko sama da wata guda, ya nemi mafaka a ƙasashe fiye da 20, har jirgin shugaban Bolibiya Evo Morales sai da ya sauka dole a Vienna saboda ana zaton yana ciki. Duk na yarda. Amma dubi inda ya ƙare dan Allah, ƙasar da doka ta tilasta wa kamfanonin waya da intanet su sa na'urar da jami'an tsaro ke saurare da ita, ƙasar da aka harbe 'yar jarida Anna Politkovskaya a 2006. A Afrilun 2014 aka nuno shi a talabijin yana tambayar Putin ko Rasha na leƙen asirin jama'arta, Putin ya ce a'a hankalinsa kwance, aka wuce. Yakan ɗan soke su jefi-jefi, ban hana ba, amma a Satumbar 2022 ana tsakiyar yaƙin Ukraine Putin ya sa hannu aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa. In baki ya ci ido sai ya ji kunya, balle wanda iyalinsa ke kwana a gidan mutum.

Daniel Ellsberg da ya fitar da takardun yaƙin Vietnam a 1971 bai gudu ba, ya miƙa kansa, aka kori ƙarar a 1973. Kodayake shi kansa ya goyi bayan gudun Snowden, kuma Chelsea Manning, sojar Amurka da ita ma ta fitar da takardun sirri, shekara 35 aka yanke mata kafin Obama ya sassauta, saboda haka ban ce tsayawa abu ne mai sauƙi ba.

Abin da nake so da kai, in ka ga ɓarna a wurin aiki kar ka rufe ido, amma kar zafin kai ya ɗebe ka. Ka ga lauya tun kafin ka taɓa fayil ko ɗaya. Ka ɗauki iya abin da ke tabbatar da laifin kawai, ba ka juye komai a filashi ba, don akwai sunayen bayin Allah da ba ruwansu a ciki. Kuma duk wanda ya yi saurin cewa zo na ɓoye ka, ka tambayi me zai samu, in maƙiyin wanda ka tona wa asiri ne to ba don Allah ya buɗe maka ƙofa ba, kuma ran da shi ya yi nasa laifin ba ka da bakin magana.

Ka goge wancan layin na "haka zan yi", ogoginka ma suna karanta abin da kake sawa. Mamanka na gaishe ka, ta ce ka kira ta ran Juma'a bayan an sauko masallaci.

Babanka