A Rage Wa Yara Haske Wajen Hoton Haɗiya

Ya Edita,

Ɗana ɗan shekara 2 yana ƙwarewa idan ya sha ruwa, shi ne likita ya tura mu hoton haɗiya. Ana dama sinadarin bariyom, wanda ke fitowa a hoton eksire, cikin madara yaro ya sha, na'urar eksire tana ɗaukar bidiyon maƙogwaronsa. Gwajin yana da amfani ƙwarai, domin abinci kan zarce huhu yaro bai ko yi tari ba. Sai dai hasken eksiren ya fi illa ga yaro kan babba.

Don Allah ma'aikata su taƙaita hasken ga baki da wuya, kada ya kai idanu. Idan yaro ya kau da kai yana kuka, a dakatar da na'urar. A kuma rubuta mintocin da aka ɗauka a katinsa, likitan gaba ya gani kafin ya sake turo shi.

Wata uwa, daga Kano