Masu Sha'awar Mijin Indiya, Ku Zo Ku Ji

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka, akwai maganar da ta tsaya min a rai tun bikin da muka yi bayan babbar sallah.

Ranar kamu 'yan mata sun taru a tsakar gida suna kallon fim ɗin Indiya na fassara a waya, sai na ji ɗaya tana cewa ita dai Allah ya ba ta miji irin na Indiya mai kuka saboda mace. Na yi dariya amma dariyar ba ta kai ciki ba, don ni ba a waya na san Indiyawa ba. Wajen 1982 ina makarantar kwana ta 'yan mata, lokacin nan duk jihar Kano ce don Jigawa sai 1991 aka yanke ta, malaman lissafi da kimiyya da yawansu Indiyawa ne. Malaminmu na lissafi yana da mata a kwatas, doguwa siririya, ba ta jin Hausa, Turancin ma ɗan kaɗan, ni ake aike in kai mata nonon da 'yan Fulani ke kawowa. Wata rana ta buɗe ƙofa na ga idonta ɗaya ya kumbura suntum, ta yi maza ta ja bakin sarinta ta rufe. Ban gaya wa kowa ba. Ita ma wa za ta gaya wa? Gidan ubanta yana bayan teku, ba waya, wasiƙa ma shi ne zai kai gidan waya. Mu nan mace in wuya ta ishe ta sai ta goya ɗanta ta yi yaji a zo biko, to ita ina za ta yi yajin?

A can Indiya iyayen amarya ne ke ba wa ango dukiya, kuɗi da gwal da mashin har mota, gwamnati ta haramta tun 1961 amma har gobe ana yi, kuma alƙaluman hukumarsu sun nuna mata sama da 6,000 ke mutuwa duk shekara a kan rigimar wannan dukiyar, wata a ƙona ta a ce risho ne ya fashe. Har doka suka yi a 1994 ta hana likita faɗin jinsin abin da ke ciki, saboda in an ji mace ce zubarwa ake. Sai kuma abin da ya faru a Delhi a Disambar 2012, ɗaliba 'yar shekara 23 aka yi wa fyaɗe a cikin bas ta rasu a asibiti a Singafo, mutane suka cika titi da zanga-zanga, sai a Maris 2020 aka rataye huɗu daga cikin waɗanda suka yi.

Kuma fita ƙasar waje ba ta raba matan Indiya da wannan wahalar ba. Saurayi yana aikin kwamfuta a Amurka, ya zo hutun sati uku ya auri yarinya ya tafi da ita, bizarta a jikin tasa take, kafin 2015 ko aiki ba a yarda ta yi ba, yanzun ma ba kowacce ba, in aure ya mutu izinin zamanta ya mutu. Mace da digirinta amma kuɗin sabulu sai ta tambaya, in ya mare ta sai ta haɗiye, uwarta a waya tana cewa yi haƙuri kar ki ja mana abin kunya bayan duk abin da muka kashe. Wasu angwayen ma a jihar Fanjab ta Indiya karɓe dukiyar suke su koma Kanada ko Ingila su bar amarya tana jiran biza har ta tsufa.

To Malam Edita kar mu yi musu dariya, laifi tudu ne. Mu miji ke biyan sadaki haka addini ya ce, amma kayan ɗaki da gara fa? Uba ya sayar da gona da akuyoyi ya yi gado da kujeru da buhunan shinkafa da jarkar mai, duk da haka dangin miji su yi ta gori wai garar ba ta cika ba. 'Yar ƙanwata shekara uku ke nan da aka kai ta Legas, mijin yana sayar da shayi a Agege, ɗaki ɗaya, ba ta jin Yarbanci ba ta san hanyar tasha ba, wayar ma a aljihunsa take kwana, in mun kira yana tsaye a kanta, kullum amsar ita ce lafiya lau Inna. Sai da wata maƙwabciyarsu 'yar Haɗeja ta zo gida biki muka ji ashe har ɓari ta yi saboda duka. Da aka kai maganar gaban ubanta cewa ya yi zaman aure ɗan haƙuri ne, uwarki ma haka ta zauna. Ga kuma waɗanda ake kai wa Saudiyya aikatau a karɓe musu fasfo tun ranar da suka sauka.

Jigawa an sa hannu a dokar hana cin zarafi a 2021, madalla, amma a garinmu in ka tara mata goma da wuya ka samu ɗaya da ta taɓa jin labarinta, ya kamata a riƙa karanta ta da Hausa a rediyo, limamai su taɓo ta a huɗuba, masu unguwanni su san abin da ke ciki. Iyaye kuma in za ku aurar da 'ya nesa ku haɗa ta da wayarta ta kanta da lambar wani na gida da ke garin, ko kujera ɗaya ce a rage a kayan ɗaki.

Ni dai na sayar da tunkiyata na ba wa yayan 'yar ƙanwar tawa kuɗin mota, ranar Asabar zai hau motar Legas daga Kano, na ce masa kar ya dawo sai ya gan ta ita kaɗai ba mijin a wajen.

Taku,
Tsohuwar malamar firamare,
Ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.