Tankin Masai Daban, Sokawe Daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin masu gina gida kan kuskuren da ya zama ruwan dare: a haƙa rami ɗaya, a rufe da kankare, a ce an yi sokawe. Aikin nan kashi biyu ne. Tanki ne ke tare ƙazanta, sokawe kuma ya shanye ruwan da ya fito daga tankin.

Dole tanki ya riƙe ruwa, a yi masa filasta ciki da ƙasa. Kafin a rufe, a cika shi da ruwa ya kwana. Idan ya ragu, yana yoyo. A raba shi ɗaki biyu, na farko ya ci kashi biyu cikin uku, zurfin ruwa kada ya gaza mita 1.2. Gidan mutum shida yana buƙatar tanki mai cin kimanin lita 3,000.

A wajen bututu ne aka fi yin ganganci. Mai inci 4 ake sawa, ya riƙa gangarawa kimanin santimita 2 a kowace mita. Idan ya kwanta sai ya toshe. Bakin shiga tankin ya ɗara na fita tsawo da inci 3, kowanne da mahaɗi mai siffar T da ya nutse cikin ruwa. In babu wannan T ɗin, maiƙo da kumfar da ke iyo a sama za su bi ruwa su liƙe ƙasar sokawe, ya daina sha. Wannan ne ke sa a ga rami ya cika tun bai yi shekara biyu ba.

Shi sokawe ba a yi masa filasta. A jera bulo da tazara, a zuba tsakuwa a bayansa. Tun kafin a haƙa, a gwada ƙasar: ƙaramin rami, a cika da ruwa. Idan ya wuni bai sha ba, yumɓu ne, a sake wuri. Ƙasan ramin sokawen ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina, sannan a nisanta shi da rijiya mita 30. Rashin kiyaye wannan ne ke kai kwalara da taifot cikin ruwan sha, har na maƙwabta.

Kada a haɗa ruwan indararo da tanki. A kwashe shi duk shekara 3 zuwa 5, kuma don Allah kada kowa ya shiga ciki, ko an kwashe. Iskar da ke ciki tana sumar da mutum nan take.

Wassalam.

Naka,
Wani mai aikin famfo da magudanun ruwa