A yi mana shiri kan cin abinci kafin tiyata

Malam Edita, assalamu alaikum.

Roƙona shi ne a cikin shirinku na lafiya ku gayyato ma'aikacin sa barci daga asibitin Komfo Anokye da ke nan Kumasi, ya yi wa mutanen Zango bayani da Hausa. Da yawa cikinmu idan aka ce kada a ci komai kafin tiyata, sai su ɗauka tsananin ma'aikata ne kawai. Da idona na ga wata uwa a wani asibiti ta ɓoye fulas ɗin koko cikin mayafi, tana ɗura wa ɗanta da asuba, ranar da za a yi masa aiki. Allah ya sa nas ta gani, aka ɗage aikin. Tausayi ne ya sa ta, ba wanda ya gaya mata dalilin hanin.

Ga dalilin. Mutum idan yana farke ya ƙware, tari zai yi ya fitar da abin. Maganin barci yana kashe wannan tarin. Abin da ke ciki zai iya tasowa ya gangara huhu, tare da ruwan ciki mai tsami da ke ƙona huhun. Tun 1946 wani likita a New York, Curtis Mendelson, ya rubuta labarin mata 66 da hakan ya same su wajen haihuwa. A 2011 kuma babban binciken da aka yi a Birtaniya kan matsalolin hanyar numfashi ya gano cewa wannan shi ne kan gaba wajen kashe mutane cikin matsalolin da suka auku lokacin sa barci. A Birtaniya ke nan, inda kayan aiki suka wadata.

Ƙa'idar da aka saba ita ce awa 6 babu abinci, ruwa zalla kuma a daina awa 2 kafin aiki, sai dai in likita ya ce wani abu daban. Koko da shayi mai madara duk abinci ne.

Haka tambayoyin da ake yi kafin aiki. Idan aka ce ka buɗe baki ka zaro harshe, ana duba ko bututun numfashi zai shiga da sauƙi ne. Mai minshari ya faɗa, mai haƙori mai girgiɗa ko na roba ya faɗa. Mai shan jiƙe-jiƙe ko tramadol kada kunya ta hana shi, don yana shafar maganin da za a ba shi. Wanda aka taɓa ce masa an sha wuyar sa masa bututu, wannan ya fara faɗa tun kafin a tambaye shi.

Ma'aikata su ma su riƙa haɗa umarni da dalili. Tsofaffinmu suna gyaɗa kai ga Turanci ko Tuwi, yaren Asante, alhali ba su gane ba.

Don Allah a sa shirin bayan sallar isha'i, lokacin da iyaye mata suka gama aiki, a kuma buɗe layi su yi tambaya.

Mai sauraronku,
daga Aboabo, Kumasi