Kuɗin Gado da Sayen Gida a Ingila: A Lura da Haraji

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin iyalan da ke tura kuɗin gado ko na kyauta zuwa Ingila domin 'ya'yansu su sayi gida, saboda mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar alƙali ya raba gado, magana ta ƙare.

Gaskiya ne cewa Birtaniya ba ta ɗora harajin samun kuɗin shiga a kan kyautar da uba ya aika wa ɗansa, amma wani harajin yana jira ne a wurin sayen gidan. Tun daga watan Afrilun 2021, wanda ba mazaunin ƙasar ba yana biyan ƙarin kashi 2 cikin ɗari na kuɗin gidan a kan harajin sayen gida, kuma idan ya riga ya mallaki wani gida, ko da a Kano yake, akwai wani ƙarin na daban. Abin da ya fi damuna shi ne ranar mutuwa: gidan da ke Ingila yana shiga harajin gado na kashi 40 cikin ɗari a kan abin da ya haura fam 325,000, ko mai shi bai taɓa zama can ba, kuma ana biyansa ne kafin marayu su karɓi rabonsu.

Lauyoyin can ba sa kammala ciniki sai sun ga asalin kuɗin, don haka a adana takardar rabon gado da shaidar banki, a kuma nemi masanin haraji kafin a tura ko sisi.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya