Sirrin mutanen Adar yana kan teburin mai gyaran salula

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da duk ma'aikatan jaridarka. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da nake gani a sana'ata, don na lura duk ranar da aka tashi zancen tsare sirri a waya, a jarida ko a rediyo, sai a nufi Amurka: Facebook ya tara bayanan mutane, Google ya san inda ka kwana, an ci tarar wani kamfani a Turai. Ban ce ƙarya ba ne. Amma ni da ke zaune a rumfar gyaran salula a kasuwar Tawa, ban taɓa ganin auren da ya mutu saboda Mark Zuckerberg, mai Facebook da WhatsApp, ya saurari saƙon wata ba. Waɗanda na gani, wanda ya tona asirin yana nan cikin gari, galibi ma an san gidan ubansa.

Ni da kaset na fara, tun ina yaron shago. Wanda ya girma a Adar ya san yadda ake yi a wancan zamani. Magidanci yana bida a Abijan ko Kwatano, sai ya sayi kaset, ya zauna da dare ya yi ta magana, ya gaida tsohuwa, ya gaida liman, ya faɗi nawa ya aiko da yadda za a raba, ya ba wani mai dawowa gida. Ranar da kaset ya iso, a shimfiɗa tabarma, a aro rediyo, gida duka har maƙwabta a saurara. Mai magana ya san da haka, shi ya sa yake tauna kowace kalma kafin ya furta. Matarsa ma in za ta mayar da amsa a gaban surukai take yi, ba ta wuce "muna lafiya, yara na gaishe ka". Yanzu saƙon murya na WhatsApp ya gaji kaset, kuma ya fi shi sauri, ya fi shi arha, ba ya neman ka yi lakwal. Illarsa ita ce mai danna shi gani yake daga shi sai wanda ya aika wa. Sai ya saki baki ya faɗi abin da ko a ɗaki sai an rage murya: bashin da ake bin sa, ciwon da yake ɓoyewa, rikicin gona da ɗan uba, da irin maganar da ke tsakanin miji da mata da suka shekara biyu ba su ga juna ba.

To wa ya buɗe mata WhatsApp ɗin? Nan maganar take. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, za ka ga baiwar Allah ta sauko daga motar Bambeye ko Kalfu da sabuwar Tecno ko itel a ɗaure a bakin zane, mai gida ya aiko daga Libiya. Ba ta karatu, wayar kuma Faransanci take yi. Sai ta miƙa wa yaron shago, ko ƙanen miji, ko ɗan maƙwabta mai zuwa lise. Shi zai buɗe mata asusun Google da sunan da ya ga dama, shi zai zaɓi lambar sirri, shi zai karɓi lambobi shida da ake aikowa ya shigar. Ta koma gida tana sa masa albarka. Waya tata ce, makulli yana aljihun wani. In ɗan kirki ne, ya manta da lambar ma kafin la'asar, wata shida baya waya ta lalace, a nemi asusun a rasa, hotunan suna da na biki su tafi ke nan. In ba ɗan kirki ba ne, ya riƙe.

Akwai abin da ya fi wannan, kuma ina so iyaye da mazan da ke bida su ji shi da kyau. Tun 2023 WhatsApp ya ba da dama a haɗa asusu ɗaya da wasu wayoyi, har na'ura huɗu ban da ta asali. An yi shi ne don ɗan kasuwa mai waya biyu. Amma duk wanda ya riƙe wayarki a buɗe na minti ɗaya, ko da sunan zai duba miki kuɗin da ya rage ne, yana iya haska ɗan zanen nan mai murabba'i da ita, daga ranar duk saƙon da ya shigo miki ya shigo masa, duk wanda kika aika ya ji. Wayar takan nuna ɗan rubutun gargaɗi a sama, amma wa zai karanta? Maganinsa ba wuya. A saman WhatsApp akwai ɗigo uku, a ciki akwai wurin da aka rubuta Appareils connectés. Duk na'urar da aka gani a can wadda ba a sani ba, a fitar da ita. Ina duba wa mutane wannan kyauta, kuma ba ranar kasuwar da za ta wuce ba tare da na tambayi wata, "Hajiya, kina da kwamfuta a gida?" don na ga wata a haɗe da asusunta, ta ce ko kuran, wato wutar lantarki, ba su da shi.

Samarin da suka ɗan yi boko sukan ce mini ai WhatsApp a kulle yake, tun 2016 kamfanin ya sa tsarin da ko shi kansa ba ya iya jin abin da ake faɗi. Gaskiya ne, amma a hanya yake kulle. Kamar buhun albasa ne da aka ɗinke wa baki daga Galmi har Abijan, direba bai taɓa ba, ɗan duwan bai taɓa ba, amma a gona a buɗe yake, a kasuwa ma a buɗe yake. Wayar mai aikawa da wayar mai karɓa, can ake ɗiba.

Bari in taɓo mu masu gyara, don in na tsallake kanmu ban yi adalci ba. Gilashi ya fashe, ko wurin caji ya daina kamawa. Mutum ya kawo, mu ce sai an bar ta, mu ce ya faɗi lambar buɗewa don mu gwada in mun gama. Ya faɗa, ya tafi, sai wata Lahadin. Kwana bakwai wayar tana cikin akwatinmu da pus, wato katin layi, a ciki, da memori a ciki, da komai. Mafi yawan abokan sana'ata masu tsoron Allah ne, na shaide su. Amma kowace rumfa tana da yara masu koyo, yaran suna da fada inda suke shan shayi har tsakar dare, kuma da manhajar Xender hoto ba ya cin daƙiƙa biyar ya tsallaka daga waya zuwa waya, ba rezo, ba kuɗi, ba sawu. Na san wata yarinya da aka fasa aurenta ana saura kwanaki, saboda hoton da ta ɗauki kanta a ɗakinta ya zagaya unguwa. Ba ta aika wa kowa ba. Wayar ce ta kwana uku a wurin gyara. Har yau iyayenta ita suke zargi.

Sannan abin da mutum ya goge ba lallai ya tafi ba. Wani hoton yana zaune a kwandon shara na wayar har wata guda, wani yana cikin memori, wani yana can a asusun Google da yaron nan ya buɗe. Ga masu sayar da tsohuwar waya don su cika kuɗin mota zuwa Agadas, su cire pus kawai su miƙa. Samsung ya fito da wani tsari a 2022 da ke rufe hotuna da saƙonni yayin da waya ke hannun mai gyara. Madalla. Sai dai mutanen da nake yi wa aiki ba Samsung mai tsada suke riƙewa ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu wayar su ma suna da nasu. Rabin samarin da ke zuwa wurina GB WhatsApp suke so in saka musu, wai don su ga saƙon da aka goge, su adana hoton da aka ce a gani sau ɗaya. Wannan manhaja ba ta kamfanin ba ce, wasu ne da ba a san su ba suka sake mata fasali, kuma kamfanin yana rufe asusun masu amfani da ita. Ka ga mutum ya ba baƙo makullin gidansa don ya samu ya leƙa na maƙwabci. Ni na daina saka ta, su je gaba. Haka Truecaller, wadda ke gaya maka sunan mai kira. Ina ta samo sunan? Da yawa daga littafin lambobin mutanen da suka saka ta ne. Shi ya sa wani dattijo mai mutunci zai kira ka, waya ta nuna sunan tsokana da abokan wasansa suka laƙaba masa.

Ƴan damfara kuwa sun gane mu sarai. Su kira, da Hausa mai kyau, su ce daga ofishin aika kuɗi ne ko daga wata ƙungiyar agaji, an turo maka lambobi shida bisa kuskure, ka karanto musu. Kana karantowa WhatsApp ɗinka ya koma hannunsu. Kafin magariba sun bi gurup ɗin ƴan garinku na Abijan da na Tirabulus suna cewa tsohuwa tana asibiti, a taimaka da jika 20. Akwai lambar kariya ta biyu da mutum kan sa da kansa, wadda ke hana wannan, tana nan a cikin manhajar tun 2017. Cikin masu zuwa rumfata da wuya ka sami wanda ya taɓa jin labarinta. Ga kuma ɗabi'ar ɗaukar hoton takardar karɓar kuɗi, da suna da lamba da komai, a jefa a gurup mai mutum ɗari don a shaida an aiko. Ga wanda zai tafi Libiya ya bar layinsa ya mutu, kamfani ya sake sayar da lambar, dangi su ci gaba da tura gaisuwa da sirrin gida ga baƙon da bai san su ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Malam Edita, doka tana nan, mutane ne ba su ji ta ba. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum tun 2017, aka sabunta ta a 2022, kuma akwai hukuma a Yamai, HAPDP, da aka ɗora wa wannan aiki. Akwai dokar laifukan intanet ta 2019. A 2022 an cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, a watan Yunin 2024 aka mayar da shi: shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna ko zagi ta waya, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a. Ban zo yin siyasa ba, masu ilimin shari'a su yi muhawararsu. Nawa shi ne, dattijon da ya ji wata murya a gurup ya danna ya tura wa wasu gurup biyar bai san akwai wannan doka ba. Yarinyar da aka yaɗa hotonta ba ta san tana da haƙƙin kai ƙara ba. Yaron shagon da ya kwafe hoton bai san laifi ya yi ba, gani yake wasa ne. Tun da Starlink, intanet mai zuwa ta tauraron ɗan Adam, ya shigo a 2025, ƙauyukan da a da sai an hau tudu ake samun rezo sun fara sayar da tikitin wifi. Kullum sababbin mutane ke shigowa, ba wanda ya tare su a bakin ƙofa ya ce ga yadda abin yake.

A 2025 ɗin nan ne kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To ga wurin da za a fara nuna mana amfaninsa. Tele Sahel tana da labarai cikin harsunan gida, tana da rediyon Muryar Sahel a gefenta, ga Dounia, ga Ténéré, ga gidajen rediyon karkara. Gaskiya tele ta rage masu kallo, ni shaida ne, don ni nake zuba wa mutane finafinan Kano da wa'azi a memori su je su kalla su kaɗai a ƙarƙashin gidan sauro. Amma lokacin kokowar takobi duk Nijar gaban tele take, daga mai shayi har gwamna. Tsakanin karawa da karawa ana cika mu da tallace-tallace. Me zai hana a ɗauki minti uku, a sa mace mai magana irin ta mutanenmu, ta riƙe itel a hannu, ba wayar miliyan ba, ta nuna da yatsa: ga inda za ki taɓa, ga abin da ba a karanta wa kowa ko da ya ce shi ma'aikaci ne, ga abin da za ki cire kafin ki bar waya a wurin gyara? A yi shi da Hausa, da Zabarmanci, da Tamajak, da Fulatanci. A yanka shi gajere yadda zai zagaya a WhatsApp ɗin kansa.

Mu ma masu gyara a kira mu a zauna da mu. Masu sayar da magani suna da ƙa'ida, direbobin tasha suna da sandika, mu da ke riƙe da asirin rabin gari ba wanda ya taɓa tambayarmu ko sunanmu. Ni dai a rumfata na kafa sharaɗi: pus da memori su koma gida da mai su, canjin gilashi ba ya buƙatar lambar sirri sai mai waya ya dawo mu gwada a gabansa, yaron da na kama yana buɗe hotunan mutane ya tattara nasa ya tafi. Wasu na cewa ina da tsanani, wasu sun koma rumfar gaba inda ba a yi musu tambaya.

In masu gidajen tele da rediyo sun karanta wannan suka ga ya dace, roƙona su sa shirin bayan sallar isha'i, lokacin da mata suka gama aikin gida, kuma su maimaita shi ranar Asabar da dare, don ranar Lahadi da sassafe ne ake ɗauro wayoyin a kawo mana.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Mai gyaran salula a babbar kasuwar Tawa