Takarda daga Farafenni: Ina mutanen gida?

Farafenni, Gambiya
Mayu 2024

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya ƙafar Inna? Ka ce ta yi sauƙi tun da aka canja mata magani, Allah ya ƙara afuwa. Ni ma lafiya lau nake, sai zafi, irin namu na Argungu sak idan bazara ta kankama.

Da sai in kira ka a waya kamar kullum, amma maganar tana da tsawo, kuma ina so ka karanta wa Inna a tsanake bayan isha'i. Autanka ne ya tayar da ita. A saƙon muryar da ya turo mini ranar Juma'a ya ce akwai yara biyu a ajinsu, 'yan musayar ɗalibai, ɗaya daga Binuwai ɗaya daga Taraba, waɗanda ba za su je gida hutun Babbar Sallah ba saboda nisa da tsadar mota, a ɗakin kwana za su zauna su da maigadi. Yana faɗa yana dariya, wai ɗayan har yau ya kasa haɗiye tuwon dawa da miyar kuka. Ban ga laifin yaron ba, ƙuruciya ce. Amma daren nan barci ya ƙaurace mini.

Ka tuna shekarar da na shiga aji ɗaya na sakandare, 1981, kai kana aji huɗu? Lokacin duk muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, sai bayan shekara 10 aka yanke mana Kabi. Idan malamai suka jeru a taron safe, baƙi sun kusa kai 'yan ƙasa yawa. Indiyawa ga lissafi da kimiyya, 'yan Gana ga Turanci, ga Balaraben Masar mai Larabci. Kuɗin mai ya sa an buɗe makarantu fiye da malaman da muke da su, ga naira a lokacin ta fi dala daraja, sai mutane suka baro ƙasashensu suka zo koyar da mu. Mu kuwa ba mu taɓa tunanin sun baro wani abu ba. Gani muke kamar tare da allo da bencina aka kawo su.

Na san ba ka manta Ba'indiyen da muke kira Malam Kwakwa ba, saboda ƙanshin man da yake shafa wa kansa. Siriri, kullum a kan keke, farar rigarsa a goge. Shi ya koya mini lissafin da nake ci da shi yau. Muna aji uku, wata rana yana rubutu a allo, sai ya waiwayo ba zato ya tarar da 'yan bencin baya gaba ɗaya muna karkaɗa kai irin yadda yake yi in yana magana. Ina cikinsu, Yaya. Bai ɗauki bulala ba, bai kai mu gaban shugaban makaranta ba. Ya ajiye allin, ya kaɗe hannunsa, ya tsaya shiru yana dubanmu na ɗan lokaci, sannan ya juya ya ci gaba da aikinsa. Muka ce tsoronmu yake ji.

Mako uku da fara aikina a nan, ina rubutu a allo, na faɗi wata kalmar Turanci da harshena na Bahaushe, sai na ji wani yaro a bayana ya maimaita ta daidai yadda na furta, aji ya fashe da dariya. Wallahi ban san lokacin da na ajiye allin na kaɗe hannuna ba. A tsayuwar nan na gane abin da ke cikin shirun Malam. Kana tambayar kanka wa za ka kai wa ƙara, da wane harshe, kuma in an tashi ka koma ɗaki babu wanda za ka ba labari. Shekara 40 ke nan, sai yanzu na ji nauyin abin da muka yi masa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar kamun kifi. Ka san yadda gari ke cika da baƙi in bikin ya zo. Turawa da kyamarori a wuya, wasu an zagaya da su gidan tarihin Kanta, wasu a biyo da su makaranta su ga ɗalibai. Kwana biyu muna shara muna shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, mu yi musu waƙa, a ba su kujerun gaba. Awa guda su yi su tafi. Sukan raba biro, su karɓi adireshinmu da alkawarin za su rubuto. Kati ɗaya ne na san ya taɓa isowa, mai hoton gidaje cikin ƙanƙara, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya yage. Ba na zarginsu, yawon buɗe ido suka zo kuma sun yi mana fara'a. Mu ne muka zuba duk karamcinmu a kan baƙon awa guda, muka bar wanda ya ba mu shekara biyar na rayuwarsa.

A bakin kogin Matan Fada na same shi ran nan, tsaye shi kaɗai riƙe da kekensa. Da aka buga bindiga, dubban masunta suka ruga cikin ruwa da homa da gora, ƙura ta tashi, kalangai na tashi daga cikin jirage, sai na ga fuskarsa ta canja. Ya sunkuyo ya ce mini, a hankali, jiharsu Kerala ko'ina ruwa ne da itatuwan kwakwa, kuma in damina ta yi ana tseren wasu dogayen jirage da mutum kusan ɗari ke tuƙa kowane ɗaya. Ya yi shiru yana dubana. Yanzu na san jira yake in tambaye shi wani abu, ko da guda ɗaya. Ni kuwa na hango Turawa sun nufi inda ake auna giwan ruwa, na bi su a guje. A 1986, da darajar naira ta faɗi, ya tattara ya koma, shi da sauran 'yan ƙasarsu da yawa. Sai da na zo nan na nemi Kerala a taswira.

Inna ba haka ta yi da nata baƙon ba. Ticha ɗan Gana da ya kama ɗaki bayan gidan Kawu, wanda ya iya Hausar Zangon Kumasi, kowace magariba akwai kwanonsa, kuma ni ne mai kaiwa. Ko da azumi, da yake shi ba ya yi, sai ta zuba masa kunu da ƙosai. Ran da na yi ƙorafin na gaji da aiken, ta ce mini ƙasarsu ce kakanninmu suke zuwa fataucin goro, watanni suna kan hanyar Gwanja, tuwon uwayen wasu suka ci har suka dawo, don haka bashi take biya. Ba ta ƙara ko kalma ba, ta miƙo mini kwanon.

Sai ga Janairun 1983, gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takardu wa'adin mako biyu su bar ƙasa. Shi yana da takardun aikinsa, amma ƙannensa biyu da ke ɗinki a Sakkwato ba su da su, ga maganganun da aka fara yaɓa masa a kasuwa. Ya ce ba zai bar su su bi hanya su kaɗai ba. Ina ganinsa har yanzu durƙushe a ƙofar zaure yana sallama da Inna kamar ɗan da ta haifa, ita kuma tana cusa masa bandar kifi da garin gero a jakar nan mai zane-zane da daga baya aka laƙaba wa sunan korarsu. A shekarar Gana na cikin fari da yunwa, can ɗin ya koma. Ƙamus ɗinsa na Turanci kai ya bar wa.

Kai ma, Yaya, kana da naka a wannan labari, ko da yake ba ka taɓa ambatarsa ba. Shirin musayar nan da 'yan ajin autanka suka zo a kansa ya daɗe. A zamaninmu jihohin Arewa 10 ne, yanzu 19, kowace tana aika yaranta su yi karatu a wata. Yaron nan Tibi da gadonsa ke kusa da nawa, hunturunsa na farko leɓɓansa suka tsage har jini, yana kwana a dunƙule cikin zane ɗaya. Kai ka ba shi bargonka, ka kwana da rigar sanyi. Da Sallah ta zo ka kamo hannunsa ka kawo shi gida. Inna ta tambaye shi me tsohuwarsa take dafa masa, ya ce sakwara. Washegari ta aika aka nemo doya da tsadarta, ta kirɓa da hannunta. Ya ci bai ce komai ba, hawaye na sauka a kan kumatunsa. Kafin ya gama aji biyar in yana Hausa sai ka rantse Bakabe ne.

Ni da aka turo ƙarƙashin shirin nan na Najeriya da aka kafa a 1987, mai aika ƙwararru su yi shekara biyu suna aiki a ƙasashen Afirka da wasu tsibirai, ban zo cikin wahala ba. Mutanen Musulmi ne galibi, ana kiran salla a kan lokaci, jarrabawar WAEC ɗin da muka sani ita yaransu ke rubutawa. Garin yana bakin iyakar Senegal, kasuwarsu ta Lahadi tana tuna mini Kamba, ga kogin Gambiya kusa da babbar gadar da aka buɗe a 2019. Duk da haka watannin farko in na rufe ƙofa da dare sai in ji kamar an jefa ni rijiya. Baƙo ko da idonsa makaho ne. Ana hira ana dariya da Mandinkanci ko Wolof, kai kana tsakiya ba ka san me ya faru ba.

Abin da ya fara warkar da ni gaisuwarsu ce. Mandinka in ya gaishe ka sai ya ce "Sumolu le?", wato ina mutanen gida, kai kuma ka amsa "I be je", suna can. Tsohuwar da nake haya a gidan ɗanta ba ta tsayawa a nan. Sai ta sa jikanta ya yi mana tafinta, ta tambayi sunan garinmu, ko muna da kogi, ko mahaifiyata na raye, 'ya'yana nawa. Da na ce muna noman shinkafa muna kamun kifi, ta tafa hannu ta ce ashe ɗan gida ne. Tun daga ranar kwanonta bai yanke ba, yau shinkafa da miyar gyaɗa da suke kira domoda, gobe dafa-dukan kifi. Jikan nata ne ke kawowa, yaro kamar ni lokacin da nake kai wa Ticha, wani lokaci har da ɗaure fuska irin tawa. Ka gaya wa Inna kwanonta ya biyo ni har nan. Sallar nan ma, da suke ce wa Tobaski, sun riga sun ce a gidansu zan yi ta.

To ga roƙona. Ka je makarantar ka nemi izinin hukuma ka ɗauko yaran nan biyu su yi Sallah a gida, in iyayensu sun yarda. A kira su a waya su ji muryarka. Ɗakina na zaure babu kowa, a share musu. Zan turo kuɗi ƙarshen wata, a ɗinka musu kaya tare da na auta, a sayi doya. In akwai mai zuwa coci a cikinsu, a sa wani ya raka shi ran Lahadi. Kuma kada auta ya tsaya ga ba su nama kawai. Ka zaunar da shi ka ce ya tambaye su garuruwansu, da yarensu, da yadda ake ce wa uwa a can, ya saurara har su gama. In sun kasa cin tuwon, kada kowa ya yi dariya.

Sannan ka duba akwatin ƙarfenka ko ƙamus ɗin Ticha yana nan. Na tuna ya rubuta sunansa da na garinsu a shafin farko. Ka sa auta ya ɗauki hoton shafin ya turo mini. Akwai malamai 'yan Gana biyu da muke aiki tare, ɗayan mutumin Kumasi ne kuma zai je gida hutun Agusta, ya ce zai tambaya.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. Ka gaida Kawu da Gwaggo, da uwargida da yara, da mutanen masallacin unguwa. Iyalina kuma na bar maka amanarsu kamar kullum. Ka sanar da ni in ruwa ya sauka, da abin da kuka yanke kan gonar fadama.

Wassalam,
Ƙaninka